Me ke tsare kuɗinka idan ka tura su ta waya?

Saƙon banki yana ratsa intanet. Me ya hana ɓarawo karanta shi a hanya?

Wani irin lissafi ne mai sauƙin ƙullawa, mai wuyar kwancewa. Ninka 89 da 97: kafin shayinka ya huce ka samu 8633. To miƙa wa wani 8633 kaɗai, ka ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta. Sai ya yi ta gwaji, 7, 11, 13, har ya gaji. A kan wannan bambanci masana uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka gina tsarin kulle saƙo mai suna RSA a jami'ar MIT ta Amurka a 1977.

Ai kwamfuta ba ta gajiya.

Haka ne, amma lokaci yana ƙure mata. Masana suna auna wuyar matsala ne da yadda aikinta ke kumbura idan lamba ta ƙara tsawo. A 2020 wasu masu bincike sun gano lambobi biyun da suka haifi wata lambar RSA mai alƙaluma 250, aikin da zai ci kusan shekara 2700 da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda aka bar wa shi. Makullan da aka fi amfani da su yau kuwa alƙaluma 617 gare su.

An tabbatar babu gajeriyar hanya?

A'a, kuma wannan ne ya fi damuna. Tun 1971 masanin kwamfuta Stephen Cook ya ɗora tambayar da ake kira P da NP: shin duk matsalar da ake iya tantance amsarta da sauri, ana iya gano amsar da sauri? Cibiyar lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya a 2000 ga duk wanda ya warware tambayar, har yau babu wanda ya ɗauka. Yawancin masana na ganin amsar a'a ce, amma zato ne. Bankuna, asibitoci da gwamnatoci duk a kansa suka jingina sirrinsu.

Kwamfutar kwantum fa?

Masanin lissafi Peter Shor ya nuna a 1994 cewa babbar kwamfutar kwantum, wato sabon nau'in kwamfuta mai aiki da ɗabi'ar ƙananan ƙwayoyin zarra, za ta kwance RSA cikin sauƙi. Ba a ƙera irinta ba tukuna. Sai dai mai wayo zai iya tara saƙonni a kulle yau, ya jira ranar da makullin zai samu. Shi ya sa a watan Agustan 2024 hukumar NIST, mai tsara ma'aunan fasaha a Amurka, ta fitar da sababbin ƙa'idojin kullewa da ake fatan kwantum ba za ta iya da su ba, kamfanoni kuma sun fara sauya kwaɗonsu.