Waiwaye: Daga Kullun Fanke Zuwa Ƙarin Ciwon Daji

Duk mai suyar fanke a bakin Ƙofar Ƙaura ta san halin yis. Ta zuba masa sukari, ta rufe roba da faifai, kafin ta gama hura gawayi kullu ya taso yana ƙananan ƙofofi. Ci yake, kuma cin gaggawa yake: ya fasa sukarin rabi da rabi, ya saki iska, ya nemi wani.

Wannan haɗamar ce masanin kimiyya Otto Warburg ya tarar a Balin ta Jamus a shekarun 1920, amma a jikin ƙarin ciwon daji. Lafiyayyar tsoka ƙone sukari take ƙurmus da iskar oksijin, ta tatsi ƙarfinsa duka. Ƙari kuwa, ko iskar na nan jingim, sai ya bi gajeriyar hanya irin ta yis, ya zuƙi sukari mai yawa ya zubar da laktet, sinadarin tsami irin na nono. Warburg ya ɗauka nan ne tushen ciwon baki ɗaya. A nan ya zarme, don daga baya an gano lalacewar ƙwayoyin gado ce kan gaba. Amma abin da idonsa ya gani bai ƙaryata ba.

Damuwar ita ce, a zamaninsa sai an yanko nama kafin a auna. Mafita ta ɓullo daga fisiks a 1946, lokacin da Felix Bloch da Edward Purcell, kowa da nasa ɗakin gwaji a Amurka, suka nuna cewa ƙwayar zarra a cikin maganaɗisu mai ƙarfi tana amsa igiyar rediyo da wata murya tata. Daga baya aka gano muryar tana sauyawa gwargwadon mazauninta. Sai aka yi wa sukari lamba, kamar yadda makiyayi ke tsaga kunnen saniyarsa: aka sanya masa kabon-13, wani nau'in sinadarin kabon mai amsa igiyar rediyon, wanda kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na kabon duniya. A ƙarshen shekarun 1970, Robert Shulman da abokan aikinsa suka ciyar da yis mai rai wannan sukari, suna kallon lambar tana sauya wuri har ta koma barasa. Yis ɗin dai na gidan burodi.

A jikin mutum muryar ta yi ƙasa ainun. Sai a 2003 aka samo dabarar ɗaga ta fiye da sau 10,000, ko da yake cikin 'yan mintuna take dushewa, dole a yi wa majiyyaci allurar sinadarin mai lamba a guje. A 2013 aka wallafa gwajin farko a kan maza masu dajin furostet, wata gaɓa da ke ƙasan mafitsara, a San Faransisko. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Yale suka sauƙaƙa abin: majiyyaci ya sha ruwan sukari mai lambar diteriyam, wato nau'in haidurojin mai nauyi, a shigar da shi na'urar MRI, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna inda ƙarin yake tara laktet.