Kuɗin Aikin Yanki a Gundumomin Ban-Ruwa na Amurka

Gundumar ban-ruwa hukuma ce da masu gonaki ke kafawa a yammacin Amurka, wadda doka ta ba ikon cin bashi da ɗora wa filaye haraji don gina madatsu da magudanan ruwa. Idan wani ɓangaren gundumar ne kaɗai zai ci moriyar aiki, kamar shimfiɗa bututu ko shafe magudana da siminti, sai a shata masa iyaka, gonakinsa su ɗauki kuɗin su kaɗai.

Asali

Tushen tsarin shi ne Dokar Wright ta jihar Kalifoniya, ta 1887, mai ɗauke da sunan C. C. Wright, ɗan majalisa daga Modesto. Gundumar Turlock ce ta fara kafuwa a shekarar, Modesto ta biyo baya, kuma su biyun suka kammala madatsar La Grange a kan kogin Tuolumne a 1893. Manyan masu filaye sun yi ta kai ƙara, don ba su ga dalilin biyan kuɗin ruwan da ba su nema ba, har Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar a shari'ar Fallbrook a 1896.

Bashin a kan gona yake, ba a wuyan mutum ba. Wanda ya kasa biya ana iya sayar da gonarsa. Illar hakan ta fito fili a shekarun 1930, da farashin amfanin gona ya faɗi, gundumomi da dama suka kasa biyan masu bin su. Kotun Ƙoli ta soke dokar fatarar ƙananan hukumomi ta 1934, wadda ta ba hukumomin da suka kasa biyan bashi damar neman sassauci, a 1936, sannan a 1938 ta amince da wadda ta maye gurbinta, a shari'ar da ta shafi gundumar Lindsay-Strathmore.

Yadda ake riƙe kuɗin

Galibi ana raba kuɗin aiki gwargwadon moriyar da kowace gona za ta samu, a biya kashi-kashi cikin shekaru, da kuɗin ruwan bashi a kai. Abin da aka tara yana shiga asusu na musamman mai sunan yankin ko lambarsa, ba a gauraya shi da kuɗin gudanar da gunduma. Daga nan ake biyan ɗan kwangila da masu riƙe da takardun lamunin aikin, wato waɗanda suka ba da bashin yin sa. A jihar Washinton, ma'ajin ƙaramar hukuma ne kan riƙe wa yawancin gundumomi kuɗinsu.

A yau

Tun 1996, a Kalifoniya sai an tura wa masu filaye takardar ƙuri'a kafin a ɗora wa filaye sabon haraji irin wannan, kuma nauyin ƙuri'ar kowa gwargwadon abin da zai biya ne. Ma'aunin moriya har yanzu abin jayayya ne.