Waiwaye: Lokacin da tankokin yaƙi ke magana da tuta

Ran 15 ga Satumba 1916, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta fara shigar da tankokin yaƙi fagen daga, a yankin Somme na ƙasar Faransa. Mutum takwas ne a cikin kowace tanka, ga inji a tsakiyarsu babu shamaki, ga zafi, ga hayaƙi. Ƙarar ta kai ko na kusa da kai ba ya jin muryarka, balle wanda ke cikin wata tankar. Da hannu ake yi wa juna ishara, ko a ƙwanƙwasa ƙarfe. In za a aika saƙo baya, sai a saki tattabara ta wata 'yar kafa. Tsakanin tanka da tanka kuwa, sai tuta da faya-faye masu launi. A 1918 tankar Mark V ta zo da wasu hannuwan ƙarfe a samanta, waɗanda ake ɗagawa daga ciki don yin ishara.

Rediyon wancan zamani ƙato ne, girgiza kaɗan ta lalata shi, saboda haka tuta ta zauna daram har bayan yaƙin. Ƙa'idarta ba wuya: ku biyo ni, ku bazu, ku tsaya, ga abokan gaba. Wahalar tana wajen gani. Mutumin da ke leƙe ta tsagar da ba ta fi faɗin yatsa ba, cikin ƙura da hayaƙin igwa, ta ina zai hango ƙyalle?

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tona asirin wannan rauni. Janar Heinz Guderian na Jamus, wanda ya yi aikin sadarwa a yaƙin farko, ya dage sai an sa rediyo a kowace tanka, ko da mai karɓar saƙo ce kawai. Faransa kuwa ta shiga 1940 da ƙananan tankoki irin R35, akasarinsu ba rediyo, kuma mutum ɗaya ne a cikin kan tankar, wato ɓangaren sama da ke juyawa da igwa. Shi ne kwamanda, shi ke ɗura harsashi, shi ke harbi, kuma shi ake jira ya kaɗa tuta.

Na sojojin Tarayyar Sobiyet a 1941 ya fi taɓa min zuciya. A tankokin T-26 da BT, har da T-34 na farko-farko, galibi tankar shugaba kaɗai ke da rediyo. Sauran sai su zuba mata ido. Wasu tankokin an yi musu 'yar kafa a rufi don zura tuta, amma sau da yawa sai kwamanda ya buɗe murfi ya fito da rabin jikinsa. Jamusawa ba su daɗe ba suka gane cewa mai tuta shi ne jagora, shi ake fara harbi. Da ya faɗi, na bayansa sun zama makafi ba ɗan jagora. Samari masu yawa sun mutu a haka, ba don tankarsu ta gaza ba. Sai wajen 1943 rediyo ya fara wadata a rundunarsu.

Duk da haka ba a yar da tuta ba, domin ana iya satar sauraren rediyo, a toshe shi, ko a gano inda yake. Sojojin Amurka sun riƙa ajiye tutoci uku a tankokinsu, ja da kore da ruwan lemo, don lokacin da aka hana magana ta iska. Akwai kuma tutar shaida, wadda aikinta daban ne: Jamusawa kan shimfiɗa tutar ƙasarsu a bayan tanka kada jiragensu su yi musu ruwan bama-bamai, sojojin Birtaniya a hamadar Libiya kuma suna ɗaura ƙananan ƙyallaye a sandar rediyo.

A filayen atisayen harbi har yanzu ana aiki da su. Jan tuta a kan tanka na nufin an ɗura makami, kore na nufin an sauke shi.