Yarjejeniyar Annoba ta Duniya: Abin da Ta Tanada Game da Ikon Ƙasashe da Samfuran Cututtuka

Tun da Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da yarjejeniyar tunkarar annoba a birnin Jeneba ranar 20 ga Mayu 2025, ake ta yaɗa cewa ƙasashe sun miƙa wuya ga Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, har ta samu ikon ƙaƙaba dokar kulle, da rufe iyakoki, da tilasta wa jama'a karɓar allurar rigakafi. Wasu kuma na cewa an ba ta damar shiga ɗakunan gwaje-gwaje ta kwashi samfuran ƙwayoyin cuta ba tare da yardar masu su ba. Duk wanda ya karanta rubutun yarjejeniyar zai ga cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan a ciki, kuma abin da ya cancanci a yi ƙorafi a kansa yana wani wuri dabam da masu jita-jitar ba su leƙa ba.

Da farko dai, amincewar babban taro ba ta mayar da yarjejeniya doka a kan kowace ƙasa ba. An fara tattaunawa a kanta ne bayan wani zama na musamman da aka yi a Disamban 2021, aka shafe fiye da shekara uku ana ja-in-ja, kuma a ƙuri'ar da aka kaɗa a kwamiti ƙasashe 124 suka goyi baya, babu wadda ta ƙi, 11 suka ƙaurace, ciki har da Rasha da Iran da Isra'ila da Italiya. Amurka ba ta cikin lissafin, domin tun Janairun 2025 ta sanar da ficewa daga hukumar. An sharɗanta cewa ba za a buɗe yarjejeniyar don sa hannu ba sai an kammala wani ƙarin kundi a kan raba samfuran cututtuka, sannan ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita bisa tsarin dokokinsu na cikin gida. Ƙasar da ba ta tabbatar ba, babu abin da ya hau kanta.

Batun kulle da tilasta allura kuwa, sashe na 22 ya yi masa magana ƙarara, kamar dai waɗanda suka rubuta shi sun san irin zancen da zai biyo baya. Sashen ya ce babu wani abu a cikin yarjejeniyar da za a fassara da cewa ya bai wa sakatariyar hukumar, har da babban daraktanta, ikon ba da umarni a kan dokoki ko manufofin wata ƙasa ko sauya su, ko ikon tilasta mata ɗaukar wani mataki, ya kuma ambaci misalan da sunansu: hana matafiya shiga ko karɓarsu, wajabta rigakafi, wajabta magani ko gwaji, da sanya dokar kulle. Inda ruɗanin ya samo asali shi ne ana haɗa wannan yarjejeniya da wani kundi dabam, wato Ƙa'idojin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda aka yi wa gyara a Yunin 2024 aka ƙara matakin da ake kira yanayin gaggawa na annoba. Babban darakta yana da ikon ayyana wannan yanayi, amma abin da ke biyo baya shawarwari ne, kuma a lokacin korona an ga yadda ƙasashe da dama suka yi watsi da shawarar hukumar a kan rufe iyakoki ba tare da wani abu ya same su ba.

Gwamnatoci ne yarjejeniyar ta ɗaure, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Masu bincike, da likitocin dabbobi, da masana lissafi da ke kintata yaɗuwar cuta da kwamfuta, tana shafarsu ne ta hanyar dokokin da ƙasashensu za su yi, kamfanonin magunguna kuma ta hanyar kwangilar da suka sa wa hannu. Sashe na 4 da na 5 sun buƙaci ƙasashe su riƙa sa ido a kan lafiyar mutane da dabbobi da muhalli a haɗe, saboda kusan kashi uku cikin huɗu na sababbin cututtukan da ke ɓulla a jikin ɗan Adam daga dabbobi suke tsallakowa, kamar murar tsuntsaye da Ebola da zazzaɓin Lassa.

Sashe na 12 shi ne mai wuyar sha'ani, kuma ba a fahimtarsa sai an koma baya kaɗan. A farkon 2007 Indonesiya, wadda murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta yi wa ɓarna sosai, ta daina aika samfuran ƙwayar cutar zuwa ɗakunan gwajin da ke aiki da hukumar, tana mai cewa ana ɗaukar abin da aka samo daga jikin marasa lafiyarta kyauta, kamfanonin ƙasashen waje su haɗa rigakafi da shi, sannan a sayar mata a farashin da ba za ta iya biya ba. Wannan taƙaddama ce ta haifar da tsarin raba samfuran mura na 2011, wanda ya tsaya a kan mura kaɗai. Korona ta sake fito da matsalar fili. A Janairun 2020 aka wallafa jerin bayanan halittar ƙwayar cutar, waɗanda ake rubutawa da haruffa, a intanet, kuma cikin 'yan kwanaki kamfanin Moderna ya tsara rigakafinsa daga waɗannan haruffa da ke kan allon kwamfuta, ba tare da ya taɓa riƙe kwalbar samfuri ba. A Nuwamban 2021 masana a Afirka ta Kudu da Botsuwana suka gano nau'in Omicron suka sanar da duniya cikin gaggawa, sakayyar da suka samu ita ce hana matafiya daga yankinsu shiga Birtaniya da Amurka da ƙasashen Turai, a daidai lokacin da yawancin mutanen nahiyar ba su samu ko allura ɗaya ba.

Abin da sashen ke son kafawa shi ne ba ni gishiri in ba ka manda. Ƙasashe za su riƙa bayar da samfuran ƙwayoyin cutar da ke iya haddasa annoba, tare da bayanan halittarsu, cikin hanzari. Su kuma kamfanonin da suka shiga tsarin, idan aka ayyana yanayin gaggawa na annoba, za su ware wa hukumar wani kaso na rigakafi da magunguna da kayan gwajin da suke ƙerawa a lokacin, ita kuma ta raba bisa buƙata, musamman ga ƙasashe masu tasowa. Adadin da ake yawan ambata shi ne kashi 20 cikin ɗari, to amma a nan ya kamata mai karatu ya yi hattara. Kashi 10 ne mafi ƙarancin abin da za a bayar kyauta. Ragowar za a sayar wa hukumar ne a farashi mai rahusa, kuma an rubuta kashi 20 ɗin a matsayin abin da ake fatan kaiwa, tare da sassauci gwargwadon girman kamfani da ƙarfinsa. Sannan duk wannan ya hau kan kamfanin da ya zaɓi shiga ne kawai.

Saboda haka zancen kwashe samfura da ƙarfi ba shi da tushe, domin sashen kansa ya amince da ikon ƙasashe a kan albarkatun halittunsu, irin ikon da yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta riga ta tabbatar. Sai dai da wuya mai adalci ya ce ma'aunin ya daidaita. Ƙasar da cuta ta ɓulla a cikinta ana son ta bayar nan take, tun kafin ta san abin da za ta samu, shi kuwa mai masana'anta an bar masa ƙofar zaɓi. Haka ma sashe na 11 a kan miƙa fasahar ƙera magunguna, wanda ƙasashe masu tasowa suka daɗe suna nema, an ɗaure shi da sharaɗin yardar ɓangarorin biyu, ma'ana mai fasaha yana iya cewa a'a.

Masu tambayar hukuncin da za a yanke wa wanda ya saɓa, amsar ita ce yarjejeniyar ba ta tanadi tara ko takunkumi ko ɗauri ba. Ƙasashe za su riƙa kai rahoto ga taron ƙasashen da suka shiga, idan saɓani ya taso a bi hanyar diflomasiyya da sulhu, sasantawa ta alƙalanci kuma sai ga ƙasar da ta amince da ita tun farko. Wurin da kawai doka ke da haƙora shi ne kwangilar da kamfani zai ƙulla da hukumar, kuma ƙarfin wannan kwangila ya dogara ne a kan ƙarin kundin da aka ambata. Shi aka bar wa fayyace waɗanne ƙwayoyin cuta ne suka shiga tsarin, da kuɗin da masu amfana za su riƙa biya duk shekara, da kuma tambayar da ta fi kowacce wuya, wato yadda za a bi sawun kamfanin da bai karɓi samfuri ba, ya sauke bayanan halittar ne kawai daga rumbun intanet ya haɗa rigakafinsa.