Karatun aikin jarida a jami'o'in Najeriya

Karatun aikin jarida, wanda ɗalibai suka fi kira Maskom, digiri ne na shekara huɗu a jami'a, ko uku ga wanda ya shiga da difloma, sannan akwai hanyar foliteknik ta ND da HND, wato ƙaramar difloma da babbar difloma. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta fara koyar da shi a 1961, Jami'ar Legas ta biyo baya a 1966. A Arewa kuwa Jami'ar Bayero Kano ce ta fi yin suna a fannin, har tana da tsangayar sadarwa mai zaman kanta da gidan rediyo, BUK FM, haka ma ABU Zariya tana da nata. A 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sanar da raba Maskom gida bakwai, aikin jarida ya koma kwas guda, hulɗa da jama'a da talla da fim da rediyo da talabijin kowa ya kama gabansa.

Maganar kuɗi kuma, a jami'o'in tarayya a hukumance ba a biyan kuɗin koyarwa, rajista ake biya, amma ita ma rajistar tun 2023 ta yi tashin gwauron zabo a makarantu da yawa, a shekarar da aka cire tallafin mai. Kuma ai ba nan kuɗin ke tafiya ba. Akwai hostal ko hayar ɗaki, abinci, kuɗin mota, data, fotokwafi, ga laftof da waya mai kyamara mai kyau wanda ɗan Maskom ba shi da makawa sai ya samu, don kayan situdiyo ba sa isa, za ka ga aji cike maƙil ana layin kyamara ɗaya, wani har ya gama semesta hannunsa bai taɓa ta ba. Sai lokacin IT, wato zuwa koyon aiki a gidan jarida, wanda yawanci ɗalibi ne ke ciyar da kansa ya kuma biya Adaidaita. Asusun bashin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana biyan rajista ya kuma ba da naira 20,000 a wata, ana fara biyan bashin shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Lokaci ma kuɗi ne, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye.

Bayan an gama fa? Nan ne abin yake da ciwo. Gidajen rediyo masu zaman kansu sun yawaita a Arewa tun bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, akwai Daily Trust da Aminiya, akwai Arewa24, ga jaridun intanet barkatai, amma masu kammala karatun duk shekara sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma albashi a wurare da dama bai taka kara ya karya ba, wani wurin a yi wata da watanni ba a biya ba, wani kuma katin shaida kawai za a ba ka a ce je ka nema. Daga nan ne al'adar ambulan, wato cusa wa 'yan jarida kuɗi a ambulan, take samun gindin zama, an gama taron manema labarai sai ka ga an koma gefe ana rubuta sunaye ana jiran na mota, yaron da aka koya masa ɗa'ar aiki a aji huɗu yana tsaye a layin don ba shi da kuɗin komawa gida. Wannan abin takaici ne ƙwarai, kuma ba laifin yaron kaɗai ba ne.

Shi ya sa da yawa suke karkata zuwa ofisoshin yaɗa labarai na ma'aikatu, ƙungiyoyin agaji, talla, kula da shafukan kamfanoni a Facebook, ko koyarwa. Burin mafi yawan masu jin Hausa dai shi ne kafofin waje, BBC Hausa da aka buɗe a 1957, DW, RFI, da TRT Afrika ta baya-bayan nan, sai dai gurabensu kaɗan ne kuma can gwaji ake yi, a miƙo maka labarin Turanci a ce mayar da shi Hausa yanzu-yanzu, sannan ka karanta a ji murya. A nan masu digirin Hausa ko Turanci ko kimiyyar siyasa sukan yi gogayya da 'yan Maskom kafaɗa da kafaɗa, wani lokacin ma su wuce su, saboda ƙa'idar rubutun Hausa da fassara ba kowane sashen Maskom ne yake ba su lokacin da ya kamata ba, alhali yawancin masu sauraron rediyo a Arewa da Hausa suke ji. Abubakar Imam ma, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo na farko a 1939, daga aikin malanta ya shigo jarida, a lokacin babu ko jami'a ɗaya a ƙasar.