The Köln Concert, Faifan Keith Jarrett na 1975

The Köln Concert faifai ne na makaɗin fiyano ɗan Amurka Keith Jarrett, wanda aka naɗa a gaban 'yan kallo a gidan opera na birnin Kolon (Köln), Jamus ta Yamma, a daren 24 ga Janairu, 1975. Kamfanin ECM ya fitar da shi a wannan shekara a kan faifan garmaho biyu. Tsawonsa kimanin minti 66 ne, kuma babu kowa a ciki sai Jarrett da fiyano. An sayar da kwafi fiye da miliyan 3.5, adadin da babu wani faifan fiyano zalla a kiɗan jaz da ya kai shi. Duk da wannan farin jini, masoya kiɗa ba su daina gardama a kansa ba: wasu na cewa jaz ne tsantsa, wasu na jingina shi da kiɗan kilasik, wato rubutaccen kiɗan Turai, wasu kuma na ganin an zuzuta shi fiye da kima.

Makaɗin

An haifi Jarrett ranar 8 ga Mayu, 1945 a Allentown, jihar Pennsylvania. Tun yana ƙarami aka koya masa fiyano bisa tsarin kilasik, kafin ya karkata zuwa jaz. Ya yi aiki da Art Blakey, sannan da Charles Lloyd, daga 1970 zuwa 1971 kuma yana cikin ƙungiyar Miles Davis. A ƙarshen 1971 ya naɗa Facing You, faifansa na farko da ECM, kamfanin da Manfred Eicher ya kafa a Munich a 1969. Daga nan ya fara abin da ya yi suna da shi: ya hau dandali shi kaɗai, ba takarda a gabansa, ya ƙirƙiri kiɗan nan take na tsawon sa'a guda ko fiye.

Daren wasan

Wata matashiya mai suna Vera Brandes, wadda ba ta kai shekara 20 ba, ita ta shirya wasan. Jarrett ya nemi a kawo masa babban fiyano na Bösendorfer samfurin Imperial 290. Sai aka samu rashin fahimta, ma'aikatan gidan suka tura wani ƙaramin Bösendorfer da ake gwaji da shi a bayan fage. Saitinsa ya lalace, matakansa na ƙafa ba sa aiki daidai, muryoyinsa na sama siraran gaske, na ƙasa kuma ba ƙarfi. Shi kansa Jarrett ya iso ne a mota daga Suwizalan tare da Eicher, bai samu barci ba, ga ciwon baya. Ya so ya fasa. Masu saiti suka shafe sa'o'i suna gyara, Brandes ta yi ta lallashi, daga ƙarshe ya yarda, musamman da yake an riga an kafa na'urorin naɗar sauti. Aka fara da ƙarfe 11:30 na dare, bayan an tashi daga opera, a gaban mutane kusan 1,400. Martin Wieland ne ya naɗi sautin.

Wannan labari ya zama rabin shaharar faifan, domin raunin fiyanon ana jin sa a cikin kiɗan. Jarrett ya tsaya a tsakiyar madannan, inda muryar ta fi lafiya, ya sa hannun hagu yana maimaita amshi ɗaya da ƙarfi don ya cike gurbin da muryoyin ƙasa suka bari, hannun dama kuma yana rera waƙa a kansa.

Abin da ke cikin faifan

Kashi na farko ya kai minti 26. Na biyu an yanka shi gida biyu saboda fuskar garmaho ba ta iya ɗaukarsa baki ɗaya, sai kuma gajeren kashi na ƙarshe na kusan minti 7, wanda ƙari ne da ya yi bayan tafi. A kashin farko akwai wuri mai tsawo, kusan minti 12, da yake kai da komowa tsakanin haɗin murya biyu kacal. Mai sauraro zai ji ɗanɗanon kiɗan cocin baƙaƙen fatar Amurka, da na karkara, da salon mawallafan Turai, duk a cakuɗe. Zai kuma ji makaɗin yana nishi, yana gurnani, yana buga ƙafa.

Saɓanin masu sauraro

Masu ƙaunarsa na cewa shi ne ƙofar da ta shigar da su jaz. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa sayen faifan jaz ba kafinsa, kuma abin da ya kama su shi ne waƙar da ke cikinsa a fili take, kunne na riƙe ta tun jin farko.

Nan ne kuma masu suka ke kafa hujja. 'Yan mazan jiya a harkar jaz na ganin maimaicin ya yi yawa, kuma babu irin sarƙaƙiyar da suka saba ji wurin makaɗan fiyano na jaz kamar Bud Powell ko Thelonious Monk. Wasu har suna ɗora masa laifin haihuwar kiɗan fiyano mai sanyi na sa barci da ya cika kasuwa a shekarun 1980. Wannan zargi bai yi wa faifan adalci ba. Masu kwaikwayo sun ɗauki laushin ne suka bar ƙarfin, alhali duk wanda ya saurari farkon kashi na biyu zai ji yadda hannun hagu ke tuƙa kiɗan kamar ganga.

Akwai rukuni na uku, masoya Jarrett na haƙiƙa, waɗanda ke jin haushin yadda faifai ɗaya ya rufe sauran. Su sun fi son wasannin Bremen da Lausanne na 1973, ko Sun Bear Concerts, wasanni biyar da ya yi a Japan a Nuwamban 1976 aka fitar da su a garmaho 10, ko wasan Vienna na 1991. A ganinsu can ne ya fi zurfi, ya fi yin kasada.

Batun gurnanin ma ya raba kawuna. Wasu na cewa yana ɓata musu sauraro, wasu na cewa shaida ce ta mutum ya nutsa cikin abin da yake yi. Haka nan halinsa na dakatar da wasa idan ana tari ko ɗaukar hoto: wani ya kira shi girman kai, wani ya ce mai ƙirƙira nan take ba shi da mafaka sai shiru.

Rubuta abin da ba a rubuta ba

Makaɗan kilasik sun daɗe suna roƙon a rubuta musu kiɗan don su ma su buga. Jarrett ya ƙi na tsawon shekaru, saboda a wurinsa abin na dare ɗaya ne. Daga baya ya amince, kamfanin Schott ya buga rubutun a 1991, shi kuma ya yi gargaɗin cewa faifan ne madogara ta ƙarshe, ba takardar ba. Tun daga nan ake buga shi a zaurukan kilasik kamar yadda ake buga aikin Chopin. Masoya jaz da yawa na ganin an kashe ransa ke nan, domin abin da ya sa ya yi daɗi shi ne makaɗin bai san inda zai dosa ba. Na kilasik kuwa na amsawa da cewa Bach da Beethoven ma gwanayen ƙirƙira nan take ne a zamaninsu.

Jarrett a fagen kilasik

Gardamar ta bi shi har ɗaya ɓangaren. Ya buga Fratres na Arvo Pärt, mawallafi ɗan Estoniya, tare da mai goge Gidon Kremer, a faifan Tabula Rasa na 1984 da ECM ya buɗe sashensa na rubutaccen kiɗa da shi, faifan da ya sa duniya ta san Pärt. Mawallafi ɗan Amurka Lou Harrison ya rubuta masa konshato na fiyano, wato kiɗan da fiyano ke jagoranta tare da rukunin makaɗa. Ya naɗi ayyukan Bach da na Mozart, a 1992 kuma aka fitar da bugunsa na aiki mai lamba 87 na Dmitri Shostakovich. Masu sauraro kan gwada wannan da na Tatiana Nikolayeva, wadda ita ce ta fara buga aikin a bainar jama'a: nata ya fi nauyi da jan lokaci, nasa ya fi sauri da haske. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne kamun kansa. Waɗanda suka zata zai sa wa Bach ɗanɗanon jaz sun tarar yana bin rubutun sau da ƙafa, har wasu suka ce ya cika taka tsantsan.

Jarrett ya samu kyautar Polar ta kiɗa, da ake bayarwa a ƙasar Sweden, a 2003. Wasansa na ƙarshe a bainar jama'a ya yi shi ne a zauren Carnegie da ke New York a Fabrairun 2017. A 2018 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki har sau biyu, wadda ta raunana hannunsa na hagu. A 2025 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya The Köln Concert cikin jerin faya-fayan da ƙasar ke adanawa.