Dabara da ƙirƙira a kasuwancin ƙasar Kabi

A bakin 'yan kasuwa da masu sana'a na ƙasar Kabi, dabara ita ce hanyar da mutum ya samo ta warware matsala da abin da ke hannunsa, ko da jari ya yi kaɗan ko hanya ta toshe. Ƙirƙira kuwa ita ce fito da sabon kaya ko sabon salon aiki wanda jama'a suka karɓa har ya zama abin ciniki. Yankin da ake magana a kai shi ne Jihar Kebbi ta yau, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, mai masarautu huɗu: Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Yawancin dabarun da aka san mutanen yankin da su sun taso ne daga abu biyu, wato ruwan gulbi da ke cika ya janye kowace shekara, da nisan kasuwannin da suke kai kayansu.

Ma'ana a wurin masana

Masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter, ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana a shekarar 1911 cewa ƙirƙira a kasuwanci haɗa abubuwan da ake da su ne ta sabuwar hanya. Ya kawo nau'i biyar: sabon kaya, sabuwar hanyar sarrafawa, sabuwar kasuwa, sabon wurin samo ɗanyen kaya, da sabon tsarin tafiyar da sana'a. A Amurka, Alex Osborn ya yaɗa salon zaman zubo shawarwari, inda kowa zai faɗi abin da ya zo masa ba tare da an kushe ba, sai daga baya a tace. Kamfanin Toyota na Japan ya shahara da tambayar "me ya sa?" sau biyar a jere har a kai ga tushen matsala. Ana koyar da irin waɗannan a darussan sana'o'in dogaro da kai na manyan makarantu.

Zamanin fatauci

Nan ne tarihin dabarun yankin ya fi yalwa. Tun zamanin Kanta, sarkin Kabi, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa birninsa a Surame, Kabi tana kan mahaɗar hanyoyi. A ƙarni na 19 ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna ratsa wannan ƙasa, wasu ta Jega, wasu ta Yawuri, su ƙetare kogin Kwara su nufi kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yanzu. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega wajen shekarar 1820, kuma kafin ƙarshen ƙarnin kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya.

Tafiyar Gwanja takan ci watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito da na ƙetare gari, ga kayan da ba ya jimirin zafi. Kowace matsala an nemo mata magani. Domin tsaro, fatake sukan haɗu ɗaruruwa ƙarƙashin madugu, wanda shi ne ke ciniki da sarakunan hanya a madadin kowa, jagaba yana gaba yana duba zango, ubandawaki yana kula da bayan ayari. Domin nauyin wuri, kuɗin wancan zamani, wanda jaki ba zai iya ɗaukar mai yawa ba, sai suka riƙa tafiya da kaya a maimakon kuɗi: kanwa da tufafi da fatu da gabu, wato busasshen ganyen albasa, suna saye da sayarwa a kowane zango, jari yana juyawa tun kafin a isa.

Adana goro shi ne gwanintar da ta fi burgewa. Goro ɗanyen abu ne, in ya bushe ya tashi daga aiki, in ya jiƙe da yawa ya ruɓe. Sai a shimfiɗa ganyen fita a ɗaure shi cikin huhu, a riƙa kwancewa lokaci-lokaci ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa kafin ya ɓata sauran, ana sauya ganyen. Da wannan kaɗai ake kawo goro lafiya daga bakin kurmi zuwa ƙasar Hausa a bayan jaki. A masauki kuma akwai fatoma, mai gidan da ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, shi kuma ya samu la'ada. Aikin da banki da ɗakin ajiya da kamfanin inshora ke yi a yau, mutum ɗaya ne ke riƙe da shi da amana. Wannan tsari bai mutu ba. Yana nan a kasuwannin shanu da hatsi.

Su da kamun kifi

Masuncin Kabi yana shiga ruwa da homa da gora. Gorar tana ɗauke shi a kan ruwa, kuma ita ce ma'ajiyar kifin da ya kama. Hana kamun kifi a wasu wurare har sai Sarkin Ruwa ya ba da izini yana ba kifi damar girma. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farawarsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, ya mayar da wannan al'ada ta gulbin Matan Fada abin jawo baƙi da ciniki, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Shinkafa da noman rani

Manoman fadamar gulbin Rima sun daɗe da irin shinkafar gargajiya mai tsawo da ke bin ruwa yayin da yake ƙaruwa. Noman rani a da sai da jigo, wanda ba ya shayar da fili mai yawa. Shigowar ƙaramin injin ban-ruwa da gajeriyar rijiyar burtsatse, musamman bayan shirin Fadama na Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, ya sa manomi ɗaya yana iya girbi sau biyu a shekara. Iri mai saurin nuna kamar FARO 44 da yin dashe a maimakon watsi sun ƙara yawan amfanin. Mata kuma su ne ke riƙe da sana'ar turara shanshera kafin a kai inji, abin da ke rage karyewar ƙwaya.

A Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Kebbi, wanda ya haɗa ƙananan manoma da masu injinan casa. A ƙarshen 2016 shinkafar Lake Rice ta fito daga haɗin gwiwar gwamnatocin Kebbi da Legas, a 2017 kuma aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Ana saɓani kan yawan bashin da aka biya da kuma ko ya isa hannun manoma na gaskiya. Bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023, wasu manoma sun juya injinansu zuwa iskar gas, masu hali kuma sun koma ga famfo mai aiki da hasken rana. 

Albasa

Aliero ta yi suna da albasa. Da yake farashi yana faɗuwa lokacin girbi, manoma sukan adana ta a rumfar kara da ciyawa mai ɗagaggen ƙasa da iska ke ratsawa, su jira damina, lokacin da albasar ke tsada. Asarar ruɓewa har yanzu tana da yawa, kuma a nan ake da buƙatar sabuwar dabara fiye da ko'ina.

Jari da biyan kuɗi

Adashi shi ne tushen jarin yawancin mata da ƙananan 'yan kasuwa. Yaron shago kuma yakan yi shekaru a hannun ubangidansa kafin a sallame shi da jari. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa masu sayar da hatsi da dabbobi a kasuwannin mako karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS, da yawa kuma sun ci gaba da hakan bayan kuɗi sun dawo hannu.